Sai da muryata ta tafi na fara jin amshi

Ni tela ne a Garwa, nan arewacin Kamaru. Da keken ɗinki na ci na sha, na yi aure, na aurar. Amma in ka shigo unguwarmu kana cigiyata ka ce tela, sai a tambaye ka wanne daga ciki. Ka ce mai jan Ishiriniya, yaro ƙarami zai kawo ka har ƙofar shago. Fiye da shekara goma ke nan rabona da jan ko baiti ɗaya, sunan bai sake ni ba. Gardamar da muka yi da samarin unguwa a kan sa lasifika a wurin karatun Ishiriniya ce ta sa na zauna rubuta wannan, domin ranar na kasa fitar musu da abin da ke raina. Muryar ba ta kai ba, maganar kuma doguwa ce.

Ina ɗan shekara goma sha biyu Ahmadu Ahidjo ya sauka daga mulki, cikin Nuwamba 1982. Na riƙe shekarar domin mutumin garinmu ne, ko'ina ka ratsa zancen ke nan. Maulidin da ya biyo baya ya faɗo ƙarshen Disamba, sanyi na busowa daga Binuwai, a daren ne Baffa ya kama hannuna zuwa zauren Malam. Maza wajen talatin sun yi da'ira a kan tabarmi, kowa ya ƙudundune cikin mayafi, fitilar ƙwai biyu a tsakiya, turaren wuta na tashi. Mutum ɗaya ya ja baiti, yana saukewa zauren gaba ɗaya ya amsa da salati. Ban san Larabci ba a lokacin. Abin da na sani, da amshin ya taso sai na ji shi a gadon bayana ta jikin bangon da na jingina, gashin jikina ya miƙe. Da muka fito na ce wa Baffa gobe ma zan zo.

Ishiriniya yabon Annabi ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, ya tsara. Ya bi haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi baiti ashirin masu ƙarewa da shi, daga nan sunan ya samo asali. Daga baya Ibnu Mahib ya yi mata tahamisi, ya ɗora layi uku a kan kowane baiti ya koma ƙwar biyar, kuma da tahamisin muke karanta ta. Takarda ta riƙe kalmomin. Karin da ake rera su da shi kuwa daga baki zuwa kunne ake gadonsa. A zauren Malam ba a kaɗa mandiri, ba a tafi. Murya ce da numfashi.

Shekara biyar na yi cikin 'yan amshi. Allah ya ba ni murya mai zaƙi, mai hawa sama ba ta tsage ba, kuma na san da haka, domin daga cikin gida mata kan aiko a tambayi ɗan wa ne. Ina ɗan sha bakwai Malam ya ce in ja. Daren nan ban rage komai a ƙirjina ba. Na ɗaga, na lanƙwasa, na ja gaɓa har na ji mutanen waje suna kabbara. Wani Alhaji ya taso ya liƙa mini jaka guda a goshi. Na kwana ban runtsa ba don murna.

Da hantsi Malam ya aiko. Na tarar da shi yana feƙe alƙalami. Bai ɗago ba ya ce, "Ɗana, tsohon da ya zauna a damarka jiya, a wane harafi ya yi shiru?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ban lura ba."

"Tun harafin jim. Shekara arba'in yana amsawa a zauren nan, jiya ya rufe baki. Ba shi kaɗai ba, mutum tara na ƙirga. Ka ɗauki karin ka kai shi inda maƙogwaronsu ba ya kaiwa, ka kuma hana su wurin shaƙar iska. Na waje sun ji daɗi. Na ciki ka zubar da su a hanya."

Na ce ai mutane sun yaba. Ya ajiye wuƙar ya dube ni. "In yabo kake so, makaɗan Lamiɗo na neman yara. Nan wani muke yabo."

Ya mai da ni amshi har shekara biyu. Jiki ya yi biyayya, zuciya ba ta yi ba. A ganina tsufa ne ke kishin ƙuruciya. Da ya sake ba ni ja na rage gudu don kada a ƙara zaunar da ni, amma ra'ayina yana nan daram: daɗin waƙa a maƙogwaron gwani yake, amshi kuwa lokacin hutun mai ja ne kawai.

A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Zare, allura, man keke, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, mutane suka daina sabon ɗinki sai faci. Ga ni da sabon aure, ga kuɗin haya. Ƙarshen shekarar wani malamin makarantar boko, mutumin Mundang daga wajen Kayele, ya shigo shagona da turamen atamfa. Shi ne jagoran mawaƙan wata majami'a, koral suke cewa, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira kwaya. Ankon Kirsimeti suke so, mutum arba'in da biyu, manyan teloli sun yi musu tsada. Kowa Metir yake ce masa, ni ma haka na kira shi har ya bar duniya. Ya ce ba zai iya tara mini su ba sai ranar gwaji, da yamma, a wani ajin makaranta. Na je na shawarci Malam. Ya ce, "Awo za ka ɗauka. Je ka, ka yi sallarka a kan lokaci." Na tafi da ƙanwata don ta auna matan.

Na zauna a bencin baya da igiyar awo a wuya ina jiran su gama. Sun jeru kashi huɗu, na mata biyu a gaba, na maza biyu a baya. Metir ya zaro wani ɗan ƙarfe mai baki biyu daga aljihu, ya buga a gwiwarsa, ya kara a kunne. Daga baya ya gaya mini sautin da ƙarfen ke bayarwa shi ake kira la, yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa ɗaya, kuma ko a Faransa aka buga shi abin da zai faɗa ke nan. Daga wannan sauti ya tsamo wa kowane kashi nasa, yana yi musu shi ta hanci: sofrano, alto, teno, bas. Sauti huɗu, kowanne da inda ya dosa. Na ce a raina yau za a yi ɓarna, domin a wurinmu duk wanda ya kama wani sauti daban da na jama'a shi ne mai ɓata waƙa, da harara ake bin sa. Ya ɗaga hannu, suka shaƙi iska lokaci guda har na ji ƙarar shaƙar. Sannan suka fara.

Kalmomin ba na addinina ba ne, ban ma fahimci yaren ba. Kunnena dai ya kasa kauda kai. Matan sama na tafiyarsu, mazan ƙasa na tasu, wani lokaci su matso juna har kunne ya ji ƙunci, ya ƙosa, sai kashi ɗaya ya gusa taki guda, komai ya warware kamar an kwance ƙulli. A ƙarshe suka tsaya a kan sauti mai hawa huɗu. Na yi ƙoƙarin in ware muryar mutum ɗaya a ciki, na kasa. Ya dunƙule hannu, suka yanke, ajin ya yi tsit, na ga ashe na riƙe numfashi tare da su.

Suka sake ɗauka, bai bari sun yi nisa ba ya tsai da su. Akwai wata yarinya a sahun gaba wadda ta fi kowa murya, ni kaina ita kunnena ya fara kamawa. Ya ce mata da Fulatanci, "'Yata, ke kaɗai nake ji." Ya ɗauke ta ya sa tsakanin mata biyu masu raunin murya, ya ce kada ta wuce su. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Na san abin da take ji a ranta, domin na taɓa zama inda take. Haushi ya kama ni. Mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, ba su haɗa addini ba, ba su haɗa yare ba, ga su da magana guda.

Na gama ankon kwana uku kafin Kirsimeti. Daga nan Metir ya zama ɗan shago. Duk Asabar da yamma sai ya jingine kekensa a gindin darbejiya, a dafa shayi, mu kama musu da Fulatanci, da Hausa, da ɗan Faransancin da na tsinta. Wasu maƙwabta sun yi ƙorafi. Ni ban taɓa shiga ibadarsa ba, shi ma bai taɓa shiga tawa ba, ladan na kira yakan ce, "Malam tela, tashi, ina nan ina gadin keke."

Musunmu na farko a kan takarda ne. Shi waƙarsa a rubuce take, ɗige-ɗige a kan layi biyar, komai an ƙayyade: inda za a hau, inda za a sauka, tsawon da za a riƙe. Ya ce haka ne ya sa waƙar mutumin da ya mutu shekara ɗari biyu ke fitowa yau kamar yadda ya so. Na ce to ina waƙar take kafin ku buɗe baki, a takardar? Ya ce e, tana barci. Na ce tamu ba ta da inda take barci sai cikin mutane, shi ya sa da na je Yola na ji karinsu ya ɗan sha bamban da namu, kuma ba wanda ya ce wani ya yi kuskure. Ya ce abin da ba a rubuta ba yana zaizayewa ba a sani ba. Na ce abin da aka rubuta yana daskarewa. Shekara da shekaru muna kan wannan, har yau ina ganin kowannenmu ya riƙe rabin gaskiya.

Wata rana ya kawo mini wata waƙa ta Hausa da suka samo daga tsallaken iyaka, an ɗora ta a kan karin Turawa, ya ce in duba masa lafazi. Ya rera, na tsai da shi a kalmar wuya. Mawaƙin wahala yake nufi, amma karin ya hau a gaɓar farko ya sauka a ta biyu, sai kunnen Bahaushe ya ji wuyan da ke riƙe kai. Na kawo masa kuka na hawaye da kuka ta miya, rubutu ɗaya, murya ke raba su. Ga kuma gajerun gaɓoɓi da karin ya ja su suka yi tsawo, alhali waƙar Hausa, kamar ta Larabci, a kan doguwar gaɓa da gajera ake auna ta. Bai sha wahalar ganewa ba, domin yarensu na Mundang ma hawa da saukar murya na sauya ma'ana, Fulatanci ne bai damu da wannan ba. Amma ya ƙi taɓa karin. Ya ce mai shi ya mutu, ba shi da izini. Na ce masu harshen suna raye. Ya tafi da takardar bai ce komai ba. Bayan mako biyu ya dawo ya nuna mini inda ya goge ɗigo biyu da fensir ya sauya musu wuri, fuskarsa kamar wanda ya ci amana.

Akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, ita ba mu yi musu a kanta ba don dukkanmu tana damunmu. Don wa ake gyara murya? In don Allah ake yi, ai Allah ya ji ta tun tana cikin zuciya, ba ya bukatar a daidaita masa sauti. In don mutane ake yi, riya ta leƙo. Metir ya ce yakan kwana yana tunanin ko gwajin da yake sa su, sau ashirin a kan layi ɗaya, ibada ce ko son a ce koral ɗinsa ta fi ta kowa. Na tuna jakar nan ta goshina, na yi shiru. Abin da muka iya cimma shi ne, abin da za ka miƙa wa wanda kake girmamawa ba ka miƙa shi a yamutse. Ban ce mun warware ta ba.

A shekarun nan wani ya ɗauki wani dare a kaset, ya ajiye rikodar dab da bakina. Aka yi ta kwafa, har a tasha nakan ji kaina. Na ji daɗi ƙwarai a lokacin.

Daminar 2012 Binuwai ta cika ta batse, aka saki ruwan madatsar Lagdo, unguwannin bakin kogi suka nutse. Surukaina na can. Kwana da kwanaki ina cikin ruwa muna kwashe kaya, na kamu da tari da ya ƙi tafiya, a haka kuma na ci gaba da ja a wuraren suna da walima. Murya ta dushe. Likita ya leƙa maƙogwaron ya ce wani ƙari ne ya fito a kan igiyoyin murya. Aka yi aiki, aka hana ni magana makonni. Da ta dawo, sai ga wata murya da ban sani ba, ƙasa-ƙasa, mai kaushi, in na yi magana mai tsawo ta ɗauke. Na yi kuka a ɓoye, mai ɗakina kaɗai ta gani. Malam ya riga ya rasu a lokacin.

Maulidin Janairu 2013 na ce ba za ni ba. Mai ɗakina ce ta fito mini da babbar riga ta ce, "Malam, ko baki ba ya yi, kunne na yi." Na je na zauna jikin bango, wurin da na zauna ina yaro, baki a rufe.

A daren nan na ji abin da na shekara talatin a cikinsa ban ji ba. Ashe amshi ba murya ɗaya ba ce. Wani mahauci na can ƙasa yana ruri kamar ganga. Wani tsoho kullum yana biyo baya da rabin numfashi, wani yaro yana riga kowa da ƙiris. Ɗaya ta hanci yake yi, ɗaya muryarsa na rawa. Ba wanda za ka ɗauka shi kaɗai ka ce gwani ne. Amma waɗannan 'yan saɓanin su ke ba amshin kauri, su ne abin da ya ratsa bango ya taɓa bayana ina ɗan sha biyu. Na lura tun kafin mai ja ya sauke gaɓar ƙarshe ƙirazan mutane sun fara cika, shi kuma in ya iya sai ya sassauta ya miƙa musu a daidai inda iskarsu ta kai. Saurayin da ke ja a daren ya zame a harafin dal, sautinsa ya yi ƙasa. Na ji cikina ya ɗaure. Amshin ya taso a daidai wurin da ya kamata, ko gezau, da yaron ya sake ɗauka sai ga shi ya dawo kan hanya, bai ma san an ɗauko shi ba. Sau nawa aka yi mini haka ban sani ba? Ina zaton ni ke jan su, ashe riƙe da ni suke.

Da na koma gida na nemo kaset ɗin nan na sa. Muryata ce tsantsa, tana hawa tana sauka, kyakkyawa. Amshin yana can nesa kamar ruwan sama a kan kwanon maƙwabta. Ban kai ƙarshe ba na kashe. Daren da aka ɗauka ba ya ciki.

Asabar na gaya wa Metir. Don murya ba ta kai ba, sai na jawo ƙyalle na nuna masa a keke. Ɗinki zare biyu ne, na sama da kowa ke gani, da na ƙasa da ke ɓoye. In an daidaita su, ƙullinsu a tsakiyar yadi yake, ba ka ganinsa ta ko'ina. Na ɗaure na sama ya yi tsauri, na taka, yadin ya tattare. Na ce haka na yi shekara ashirin da biyar. Ya juya ƙyallen ya daɗe yana dubawa. Amma da na zo kan tsohon da ke biyo baya da yaron da ke riga kowa, sai ya girgiza kai. Ya ce a wurinsa wannan kuskure ne, da a koral ɗinsa ne ba za su tashi ba sai sun gyara. Shi so yake mutum arba'in su narke su zama murya huɗu, tas, ba ƙura. Na ce ni yanzu so nake in ji mutum talatin suna nan su talatin, kowa da tsufansa da murarsa, amma sun fuskanci wuri ɗaya. Ya ce kyau tsabta yake so. Na ce tuwon da ba gaya-gaya ai kunu ne. Ya yi dariya har ya ajiye kofi, amma bai yarda ba, ni ma ban yarda da tasa ba. Na dai san abin da na ji a ajin nan a 1994 kyakkyawa ne, ba zan taɓa musun wannan ba.

Da Metir ya rasu na je gaisuwa gidansa. Mawaƙansa suka tsaya a tsakar gida cikin wani anko da ni na ɗinka. Ba wanda ya tsaya a gabansu ya ɗaga hannu. Suka dubi juna, suka shaƙi iska tare, suka fara. Yarinyar nan ta sahun gaba, yanzu uwar 'ya'ya, tana cikinsu. Na neme ta da kunne ban same ta ba.

Samarinmu suna da hujja a kan lasifika, ban raina ta ba. Sun ce tsofaffin mata da marasa lafiya a cikin gidaje na son ji, kuma duk unguwannin da ke kewaye da mu sun sa. Abin da ke ci mini rai shi ne makirfo ɗaya ne, yana hannun mai ja. Shi ake ji har bakin kasuwa, na cikin zaure kuwa ba sa jin na kusa da su, sai su rage murya, daga nan su yi shiru, daga nan su zaro waya suna ɗaukarsa. Bara na ƙirga, kamar yadda Malam ya ƙirga mini: mutum goma sha ɗaya ne ke amsawa cikin fiye da arba'in.

Bayan doguwar magana, limamin unguwa ya raba mu. Daren farko babu lasifika, babu waya a hannu, sauran darare nasu ne. Shugaban samarin ya ce, "Baba, in mutane suka watse fa?" Na ce a gwada. Na roƙi a bar mini wurina jikin bango, a kuma zaunar da yaron da zai ja tsakanin mahaucin nan da mafi tsufan zauren. Mahaucin ya ce zai zo ko da ciwon ƙafarsa bai sake shi ba. Fitilun ƙwai biyu na Malam suna wurin ɗansa, na aika a karɓo, ɗaya na bukatar sabuwar lagwani.